Kundin sirrin mawaƙin da ya rasu: abin da mai karatu zai duba, da yadda magada za su riƙe shi

A watan Nuwamban 2002 kamfanin ɗab'i na Riverhead da ke Amurka ya fitar da littattafan rubutun Kurt Cobain, jagoran ƙungiyar mawaƙa ta Nirvana, shekara takwas bayan ya kashe kansa a Seattle yana ɗan shekara 27. Matarsa Courtney Love ce ta ba da izini, jaridu kuma suka ruwaito cewa an biya kusan dala miliyan 4. Hoton shafukan aka ɗauka aka buga yadda suke, da rubutun hannunsa, da kuskurensa, da wuraren da ya soke. A ciki akwai baitocin da bai gama ba, da zane-zane, da jerin faya-fayen da ya fi so guda 50, da wasiƙun da ya rubuta bai aika ba, da maganganu kan ciwon cikin da ya daɗe yana fama da shi da kuma ƙwayar da ta kama shi. Tun daga lokacin masoyansa suka rabu. Wasu suka ce wannan ita ce hanyar sanin mutumin, wasu suka ce tonon asirin mamaci ne aka sa wa farashi.

Tambayar a karanta ko kada a karanta ba ta da amsa guda, domin kundin kansa ba abu guda ba ne. Amma akwai abubuwan da ake dubawa, kuma in an bi su ɗaya bayan ɗaya amsar takan fito. Matsayinmu a taƙaice: abin da aka sato ba a karanta shi. Abin da ya shafi sana'ar waƙa a karanta da zuciya ɗaya. Abin da ya shafi ciwo da aure da 'ya'ya kuwa, sa hannun magada bai wanke shi ba, sai an ƙara dubawa.

Ta wace hanya ya iso hannunka?

Wannan ce tambayar farko, kuma ita ce ta fi sauƙin amsawa. Buɗe shafin haƙƙin mallaka da ke farkon littafin, ka ga sunan wa aka rubuta. In sunan magada ne ko gidauniyar da aka kafa da sunan mamacin, to aƙalla ta ƙofa aka fito da shi. In hotunan shafuka ne kawai ke yawo a intanet ba wanda ya san asalinsu, ko wani ya rubuta littafi ya ce ya taɓa karanta kundin yana faɗin abin da ya tuna, to ka tsaya.

Labarin John Lennon, mawaƙin ƙungiyar Beatles ta Ingila, ya isa misali. Bayan an harbe shi a New York ranar 8 ga Disamban 1980, wani mataimakinsa ya kwashe kundayensa daga gidan, a 1983 ya amsa laifin sata a gaban kotu. An mayar da su. A 2006 aka sake sace kayan Lennon daga wajen matarsa Yoko Ono, sai a Nuwamban 2017 'yan sandan Jamus suka sanar da gano kusan abu 100 a Berlin, a wani kamfanin gwanjo da ya karye, ciki har da kundaye uku da tabarau. Sau biyu ke nan ana sace su. Dalilin da ya sa ɓarawo yake ɗaukar takarda ya bar zinariya shi ne ya san akwai masu jiran karantawa. Duk wanda ya sayi irin wannan ko ya yaɗa shi, shi ne kasuwar da ɓarawon ya dogara da ita.

A ɗaya gefen akwai wanda mawaƙin ne da kansa ya fara shirya shi don jama'a. Mawaƙin Amurka Prince ya sanar a watan Maris na 2016 cewa yana rubuta tarihin rayuwarsa, ya zaɓi Dan Piepenbring ya taya shi, ya rubuta shafuka kaɗan da hannunsa, sai ya rasu ranar 21 ga Afrilu. Da littafin ya fito a 2019, waɗancan shafukan babu abin damuwa a karanta su, don dama mu aka rubuta wa. Yawancin kundaye a tsakanin waɗannan biyun suke: ba a sace ba, mai su kuma bai ce a buga ba.

Me mai littafin ya so?

A nan aikin yake da wuya, a nan kuma mutane suka fi yaudarar kansu. Akwai alamomin da masu aikin adana tarihi suke nema.

Ka duba wa yake yi wa magana. Mai rubuta wa kansa ba ya bayyana ko wane ne ƙaninsa, harafin farkon sunansa ya ishe shi. In ka ga yana bayanin abin da shi ya riga ya sani, yana gabatar da mutanen gidansa da cikakken suna, to yana hangen wani mai karatu. Ka duba ko ya sake kwafe wani shafi da kyakkyawan rubutu, ko ya sa lambobi, ko ya ba shi take. Ka duba ko ya taɓa nuna wa wani yana da rai, ko ya ɗauki wani ɓangare ya sa a bangon faifai. Robert Schumann da matarsa Clara, mawaƙan Jamus, sun buɗe kundi guda tun daga aurensu a Satumban 1840 suna karɓa-karɓa wajen rubutu. Wannan yana da mai karatu tun asali, amma mutum ɗaya ne tak, kuma ba mu ba ne.

Sai hujjar da aka fi ji: ai da bai so a gani ba da ya ƙone. Gaskiya ne akwai masu ƙonewa. Johannes Brahms, mai tsara kiɗa ɗan Jamus wanda ya rasu a 1897, ya lalata zayyanar waƙoƙinsa da yawa da wasiƙu masu yawa kafin mutuwarsa. Sai dai Brahms ya kai shekara 63, ya ga tsufa ya kimtsa. Wanda ruwa ya ci kamar mawaƙin Amurka Jeff Buckley a 1997 yana ɗan shekara 30, ko wanda aka harbe a ƙofar gidansa, ko wanda ciwon rai ya rufe wa ido, bai samu wannan damar ba. Rashin ƙonewa ba izini ba ne.

Kundin Cobain ya nuna yadda alamomin kan yi karo da juna. A shafin da aka sa farko ya rubuta kada a karanta kundinsa in ba ya nan, a layi na gaba kuma ya ce a karanta, a binciki kayansa a gane shi. Masu son littafin suka riƙe layi na biyu. Amma duk wanda ya karanta a natse zai ga da mutum guda na kusa da shi yake magana, wanda zai tashi daga barci da safe bayan shi ya fita. Abin da ya fi wannan nauyi yana can ciki: ya rubuta cewa an sace masa littattafan rubutu da shafuka a tafiye-tafiye da kwanciyar asibiti, kuma wannan ya fi ƙona masa rai fiye da duk ƙarin gishirin 'yan jarida. Mutum ya faɗi haka da hannunsa, sannan aka buga shafin da ya faɗa a kai. 'Yarsa Frances Bean, wadda ba ta cika shekara biyu ba lokacin rasuwarsa, ta faɗa a 2018 cewa ba ta duba kundayen, kuma ba ta ji daɗin fitar da su da mahaifiyarta ta yi ba. Wannan ya ishe mu gane cewa izinin magaji ɗaya ba izinin gida ba ne, balle na mamacin.

Dokar aiki a nan: in alamomi suka yi karo, a ɗauki wadda ta fi kare mamacin, domin shi ne kaɗai ba zai iya tashi ya gyara zance ba.

Shafi shafi ake hukunci

Littafin rubutun mawaƙi yakan zama gauraye. Shafi ɗaya baiti, na gaba lissafin kuɗin mai na motar yawon wasa, na gaba zagin abokin aiki da aka yi faɗa da shi jiya.

Shafukan sana'a su ne zubin farko na baitoci, kalmomin da aka soke aka musanya, jerin waƙoƙin da za a yi a dandali, tsarin faifai, ra'ayinsa kan waƙar wasu. Waɗannan su ne ainihin ribar mai karatu, musamman matashin da ke koyon rubuta waƙa. Ganin amshin da duniya ta haddace a lokacin da yake gurgu, da ganin kalmar da aka cire har ya miƙe, darasi ne da ba a samu a faifai. Littafin rubuce-rubucen Ian Curtis na ƙungiyar Joy Division da ya fito a 2014, wanda matarsa Deborah da marubuci Jon Savage suka shirya, a kan wannan ɓangaren ya fi tsayawa.

Sai wasiƙun da ba a aika ba. Rashin aikawar shi kansa hukunci ne da marubucin ya yanke. Ya huce, ko ya ga bai yi adalci ba, ya ajiye. Buga ta daidai yake da aika ta bayan ya fasa, kuma ba ga mutum ɗaya ba.

Sai shafukan da ke ɗauke da asirin wasu: tsohuwar budurwa, matar aure, likita, yaron da bai san an rubuta shi ba. Waɗannan mutane suna da rai, ba su kuma zaɓi shahara ba. Sai na ƙarshe, abin da aka rubuta cikin maye ko tsananin ciwo. Wanda ya karanta wannan bai ƙaru da komai game da waƙar ba.

Ga Musulmi mai karatu, ma'aunin ba baƙo ba ne. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, hadisin Nana A'isha da Bukhari ya ruwaito kuma ya hana zagin matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Mai wankan gawa yana ganin abin da ba kowa ya gani ba, amma an san ba ya fita da shi bakin ƙofa. Haka ya kamata wanda ya buɗe shafukan ciwo ya ɗauki kansa.

Wa ya zaɓa, me ya cire, me ya ƙara?

Da wuya a buga kundi gaba ɗaya yadda aka same shi. Wani ne ya zauna ya zaɓa, kuma wanda ya zaɓa yana cikin labarin. Matar mamaci ba za ta sa shafin da ya ci mutuncinta ba, iyaye ba za su sa wanda ya ɗora musu laifi ba. Wannan ba mugunta ba ce, amma dole mai karatu ya riƙe shi a ransa. Littafin rubuce-rubucen mawaƙiyar Ingila Amy Winehouse da ya fito a 2023 iyayenta ne suka shirya shi, kuɗin da suka samu kuma na gidauniyar da aka kafa da sunanta ne bayan rasuwarta a 2011. Manufar kuɗin mai kyau ce, amma zaɓin shafukan na iyaye ne, da idon iyaye.

Ragi ma da sauƙi, ƙari ya fi haɗari. Da Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus, ya kurumce, baƙinsa sukan rubuta masa magana a ƙananan littattafai shi kuma ya amsa da baki. Bayan rasuwarsa a 1827 sakatarensa Anton Schindler ya kwashe su, daga baya ya sayar wa ɗakin karatu na sarki a Berlin. Kusan 139 ne suka rage. Fiye da shekara ɗari masana suna kafa hujja da su, sai a shekarun 1970 aka tabbatar Schindler ya bi guraben da babu rubutu ya cusa maganganun da ba a taɓa yi ba, don ya nuna shi na hannun daman maigidan ne. An gina ra'ayoyi kan ma'anar wasu kiɗe-kiɗen Beethoven a kan ƙaryar mutum ɗaya.

Don haka kafin ka saya, ka ba littafin minti goma a kanti. Akwai sunan edita, kuma mene ne tsakaninsa da mamacin? Akwai gabatarwar da ta faɗi littattafai nawa aka samu, nawa aka ɗiba daga ciki? Hoton shafin aka nuna ko bugun na'ura kawai? Hoto ya fi aminci, don za ka ga sauyin biro da na rubutu. An sa alama a inda aka tsallake wani abu? An faɗi inda ainihin takardun suke ajiye har wani masani zai iya zuwa ya gwada? Sai kwanan wata. Yawancin shafukan Cobain ba su da kwanan wata, tsarin da mai karatu yake bi daga farko zuwa ƙarshe na masu shiryawa ne. Shafuka biyu da aka jera kusa suna iya zama da tazarar shekara, amma jerin ya sa ka ɗauka ɗaya ne ya haifi ɗaya. Littafin da ya kasa amsa uku daga cikin waɗannan, kada ka kafa hujja da shi a kan kowa.

In ka yanke za ka karanta

Fara da sauraron faya-fayen da ya fitar yana da rai. Su ne abin da ya tace ya ce a ji. Kundin ya biyo baya, a matsayin bayani kan aikin.

Kada ka ɗauki shafi a matsayin shaidar kotu. Mutum yakan ɗauki biro ne lokacin da ransa ya ɓaci. Ranar da ya wuni cikin raha da iyalinsa ba ya rubuta komai, don haka kundi kullum ya fi rayuwar mai shi duhu. Mawaƙi kuma gwanin ƙirƙira ne, yakan gwada murya, ya ari bakin wani, ya rubuta "ni" alhali labari yake shiryawa. Da aka fitar da fim ɗin tarihin Cobain a 2015, wanda aka gina a kan kundayensa da kaset-kaset ɗinsa, Buzz Osborne na ƙungiyar Melvins, wanda ya san shi tun suna samari, ya fito ya ce yawancin abin ba gaskiya ba ne, har da wani labarin ƙuruciya da Cobain ya bayar da muryarsa. Ko Osborne ya yi daidai ko bai yi ba, an ga cewa fitowar magana daga bakin mamaci ba ta tabbatar da ita.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne karantawa daga mutuwa zuwa baya. Ka san yadda ya ƙare, sai kowane layi ya zama maka ishara. Shi kuwa da yake rubutawa yana ɗan shekara 21 bai sani ba, lissafin kuɗin haya yake yi, yana neman mai ganga. Maganin wannan shi ne ka riƙe jerin shekarun rayuwarsa a gefe, kowane shafi ka tambayi kanka me ya sani a lokacin. Kada kuma ka naɗa kanka likita ka sa masa sunan ciwo daga shafi uku.

Abin da ka karanta ya tsaya a wurinka. Ɗaukar hoton layi guda a watsa a Facebook ko WhatsApp yana raba shi da abin da ke gabansa da bayansa, kuma layin da ya fi muni shi ya fi gudu. In akwai sunan wani mai rai, kada ka je nemansa. Wanda kuma yake cikin ƙuncin rai ko tunanin cutar da kansa, ya ajiye irin wannan littafi tukuna ya nemi likita ko wani na kusa da zai yi wa magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana gargaɗin 'yan jarida kada su buga wasiƙar ban kwana ta wanda ya kashe kansa ko bayanin hanyar da ya bi, saboda an ga ana kwaikwayo, musamman in mamacin shahararre ne.

In takardun a hannunka suke

Wannan ɓangaren na magada ne, da manajoji, da yaran mawaƙi. Ya shafe mu a nan gida ma. Manyan makaɗan baka irin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos a ka suke riƙe waƙa, amma mawaƙan yanzu suna barin littattafan baitoci da wayoyi cike da muryoyin gwaji.

Kwanakin zaman makoki su ne lokacin da kaya suka fi ɓacewa, gida cike da jama'a, kowa yana ganin shi na kusa ne. A tattara komai a ɗaki guda a kulle. Mutum biyu daga ɓangarori daban na iyali su ƙidaya tare: littafi nawa, launin bango, yawan shafuka, inda aka same shi. Su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Kada a sake jera takardu, kada a zare wadda aka soka a tsakiyar littafi, domin inda take shi ne sau da yawa kaɗai abin da zai nuna lokacin da aka rubuta ta.

Sannan mutum guda amintacce ya duba kowane shafi don neman wasiyya da bashi. Mawaƙiyar Amurka Aretha Franklin ta rasu a Agustan 2018 ana zaton ba ta bar wasiyya ba. A 2019 aka sami rubutun hannunta na 2010 a kabad a kulle, da wani na 2014 a cikin littafin rubutu a ƙarƙashin matashin kujera. 'Ya'yanta suka yi ta shari'a, sai a Yulin 2023 kotu a jihar Michigan ta tabbatar da na 2014. Da an zubar da wannan littafi, ko wani ya ɗauke shi don tunawa, da rabon ya sauya. Wannan karatun wajibi ne, amma mai yinsa abin da ya shafi haƙƙi kaɗai zai fitar.

Wajen ajiya, abokan gabar takarda su ne danshi, zafi, haske da ƙwari. Ma'aunin ɗakunan adana tarihi shi ne zafi wajen digiri 18 zuwa 20, danshin iska kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari. In danshi ya wuce kashi 65 funfuna takan fara. Gida ba zai kai wannan ba, amma a zaɓi ɗaki na ciki da rana ba ta bugunsa, a ɗora akwatin a kan kanta aƙalla taƙi ɗaya daga ƙasa, kada ya jingina da bango saboda gara. A sa ƙunshin ƙwayoyin nan masu shan danshi irin na cikin kwalin sabon takalmi, a riƙa sauya su da damina. A buɗe a duba duk wata uku ko asu da kyankyaso sun shiga. Kada a ɗaure cikin leda, tana tara gumi.

Abubuwa uku ne suka fi lalata takardu a hannun masu kyakkyawar niyya. Salatif: gam ɗinsa yakan ratsa takarda ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita. Rufe shafi da leda a injin zafi: ba a iya warware shi, kuma masani ba zai ƙara iya gwada tawada ko takardar ba. Sai ƙarfen maƙale takardu, wanda ke tsatsa ya ci gefen shafi. A cire shi a hankali, a naɗe takardun cikin farar takarda marar asid. In za a sa lamba, da fensir mai laushi a kusurwar baya, ban da biro. Hannu wankakke busasshe ya fi safar hannu, don safa tana rage ji har a yaga gefe. In ruwa ya jiƙa littafi, kada a shanya a rana, kada a ɓamɓare shafukan da suka manne. Funfuna tana iya kamawa cikin kwana biyu. In jiƙon kaɗan ne a tsayar da shi a buɗe a inuwa gaban fanka, in ya yi sharkaf a naɗe shi a sa a firiza har a sami gwani.

A yi sikanin kowane shafi, har bango da shafukan da ba komai, da launi, a ma'aunin ɗigo 400 zuwa 600 a kowane inci, a ajiye a tsarin TIFF, wato nau'in fayil ɗin hoto da ba ya rage inganci. Kwafi uku, a na'ura iri biyu, ɗaya a wani gida daban. Kada a kai shagon kwamfuta a bar wa yaron shago, ta nan hotuna suke fita. Wayar mamaci kuma kada a yi ta gwada lambar sirri, wasu wayoyin sukan kulle ko su goge komai bayan kuskure goma. A ci gaba da sa wa layin kuɗi, don kamfanin waya yakan ba wani layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, sabon mai layin kuma yana iya buɗe WhatsApp da lambar.

Game da doka, mallakar takarda daban, haƙƙin buga abin da ke cikinta daban. Wanda mawaƙi ya aika wa wasiƙa, takardar tasa ce, yana iya sayar da ita, amma ba zai buga kalmomin ba sai da izinin magada. A Amurka da Ingila haƙƙin yana kai shekara 70 bayan rasuwar marubuci, wato na Cobain sai ƙarshen 2064. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 ita ma shekara 70 ta ba rubutu da waƙa. Haƙƙin dukiya ne da ke shiga gado, don haka magaji ɗaya ba zai sa hannu a madadin saura ba sai da wakilci a rubuce. Mutanen da aka ambata a ciki kuma, in suna da rai, suna iya kai ƙarar ɓata suna a kan wanda ya buga.

Shawararmu ga magada ita ce kada a yanke komai a shekarar farko. Masu saye sukan zo da wuri saboda sun san lokacin ne kuɗi ya fi ƙarfi, hankali kuma bai dawo ba. Kada kuma a ƙone cikin zafin rai, ƙonewa ba ta da gyara. Akwai hanya ta uku da aka saba bi a duniya: a damƙa wa ma'ajiyar tarihi ko ɗakin karatun jami'a da yarjejeniyar rufewa, shekara 25 ko 50, ko har sai waɗanda aka ambata sun rasu. A arewacin Najeriya akwai Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, duka a Kaduna. Kafin a miƙa, a je a ga ɗakin ajiyar da ido, a tambayi wa ke riƙe makulli. Yarjejeniyar ta fayyace ajiya ce ko kyauta, wa zai iya gani, ko an yarda a ɗauki hoto, da yadda iyali za su karɓi kayansu in aka saɓa.

In daga baya aka yanke za a buga, a ɗauko edita daga waje wanda ba ya cikin labarin. A fara da shafukan sana'a. A nemi yardar duk mai rai da aka ambata, wanda ya ƙi a rufe sunansa a nuna an rufe. 'Ya'yan da ba su balaga ba a jira su girma a ji ta bakinsu. A kwantiragi da kamfanin ɗab'i a rubuta cewa iyali ne ke da maganar ƙarshe kan bango da kuma shafukan da za a ba jaridu don talla, a sa wa'adin shekaru maimakon sayar da haƙƙin gaba ɗaya, a kuma ware haƙƙin yin fim da na buga rubutun hannunsa a riguna da sauran kayan sayarwa, kowanne sai da sabon izini.